Babi na Biyar: Gabas Ruwa, Yamma Rana

A ƙarshen watan Mayu, idan zafin Yamai ya kai intaha, akwai wata la'asar da sama kan yi ja ta wajen gabas. Iska ta tsaya cik, tsuntsaye su yi tsit, can sai ga ƙura ta taso kamar dutse ta wajen filin jirgin sama tana tunkaro gari. Mata su kwashe shanya, yara su kora awaki, magidanta kuwa ido ya koma kan rufi. Wanda ya ji maganar maƙwabcinsa tun watan Afrilu, ya hau ya ƙara ƙusa, ya share indararo, ya liƙe ɓulin kwano, yana zaune a rumfa yana jiran ƙamshin ruwan fari. Wanda ya ce sai gobe, shi za a gani cikin dare da fitilar waya yana jera bokiti da roba a tsakar ɗaki.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Yamai maƙwabci ma ya sani, domin ruwan da ya sauko daga rufin wannan, a gindin katangar wancan yake kwana.

Garin ya girma da saurin da ya wuce tunanin waɗanda suka shata shi. A 1926 Faransawa suka ɗauko babban birnin ƙasar daga Damagaram suka kawo nan bakin kogin Isa. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mazauna birnin ba su wuce 30,000 da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Yawancin gidajen da suka ɗauki wannan jama'a ba injiniya ne ya zana su ba. Mutum ya sayi fili, ya katange, ya yi ɗaki biyu da salga, ya tare, bayan shekara uku ya ƙara ɗaki, bayan biyar ya canza rufi. Duk abin da ya sani game da gini da shuka, a bakin mutane ya ji shi: a fada wajen shan shayi, a ƙofar masallaci tsakanin magariba da lisha, a foyandin mata inda ake zubin adashi, ko a kasuwar Katako, inda mai sayar da kwano da katako ba ya rabuwa da mai saye sai ya haɗa masa da shawara. Yau an ƙara da saƙon murya a WhatsApp. Ana yin zancen cikin Zabarmanci da Hausa, da kalmomin Faransanci tsamo-tsamo a ciki: banko, tol, siminti.

Wannan ilimi ba shi da littafi, amma yana da alƙibla. Wanda ya saurare shi da kyau zai tarar kusan dukkansa a kan abu biyu yake juyawa: ta ina ruwa ke zuwa, a ina rana ke duka.

Hadarin damina a yankin Sahel daga gabas yake tafiya zuwa yamma, da guguwa a gabansa. Saboda haka ruwan ba a miƙe yake sauka ba, a karkace yake marin bangon gabas. Tsofaffin magina sun san haka tun kafin a kafa cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET a Yamai a 1974. Ba su son babbar taga a gabas, kuma yaɓen wannan ɓangare ya fi na sauran kauri. A ƙasar Hausa akan haɗa shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke sa laka ta ƙi shan ruwa. Shawarar da sabon mai gida kan fara ji ke nan a unguwar Bukoki ko Talaje: ka duba gabas kafin damina ta faɗi, ka tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje, kada ka bari indararo ya riƙa zuba a jikin gini. Gidan laka ba kasafai yake faɗuwa daga sama ba. Ruwa ne ke kwanciya a gindinsa kwana ɗaya, kwana biyu, ya jiƙa tubalin ƙasa, nauyin da ke bisa ya ƙarasa aikin.

Inda baki ya rabu shi ne batun shafe bangon laka da siminti. Da yawa suna ganin shi ne rufin asiri: a yi sau ɗaya a huta da yaɓen kowace shekara. Magina masu dogon hannu a sana'ar ba su cika yarda ba, kuma gaskiya tana wajensu. Laka tana kumbura da laima ta tsuke da fari, siminti kuwa ba ya bin ta. Ba a daɗewa sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Wanda ya zaɓi siminti, to ya ɗauki wa kansa aikin ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa kowace bazara. Inda ya ji ƙara kamar ganga, wurin ya rabu da laka, sai a fasa a sake.

Abin takaici ne yadda aka mayar da laka alamar talauci a birnin, alhali ita ce ta fi dacewa da zafinsa. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya raba. Bulon siminti mai rami da rufin kwano marar silin kuwa tanda ne tun hantsi. Nijar tana da hujjoji a tsaye. Masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa a yankin Tawa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tun 1980 aka fara koya wa magina a Cikal, wajen Filinge, yin rufin ƙubba da baka da tubalin laka zalla, ba azara ko ɗaya, dabarar da ta raba mai gida da gara da kuma tsadar giginyar Gaya. A cikin Yamai kanta, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun kammala rukunin gidajen da aka sa wa suna Niamey 2000 a 2016, benaye na matsattsen tubalin ƙasa, don ma'aikaci mai matsakaicin ƙarfi. Amma har yanzu idan mutum ya ce zai yi sabon gida da laka, abokan fadarsa tausayinsa za su ji.

Idan gabas ta ruwa ce, yamma ta rana ce. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum, kuma ranar azahar zuwa la'asar ita ce ke gasa bangon yamma, ya riƙe zafin har bayan lisha. Shi ya sa dattijo zai ce wa matashin da ya tare sabon gida: kafin ka sayi fanka, dasa itace ta yamma.

Itacen kuwa, tara cikin goma, bedi ne, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya. Baƙo ne daga Indiya, ya shigo Afirka ta Yamma zamanin Turawa, ya zama ɗan gari fiye da ƴan gari. Ba ya zubar da ganye lokacin da aka fi buƙatar inuwa, akuya ba ta damu da shi ba, kuma idan ya kama ba ya neman ban ruwa. Da shi aka fara dasa dajin da ya yi wa Yamai ɗamara ta arewa da gabas daga 1965, don tare ƙura da iska, dajin da masu yanka filaye suka yi ta gutsura har ya zama abin kuka. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, kuma lokacin ya dace: ƙasa ta jiƙu, sauran damina za ta raini dashen. Sai dai bedi yana da halinsa. Saiwarsa tana bin laima duk inda take, ta ɗaga daɓe, ta tsaga katanga, ta kutsa ramin salga. Maƙwabta kan ce a ba shi taku biyar ko shida daga gini, in fili ya yi kaɗan a kai shi ƙofar gida, inda zai yi wa mai gida da masu wucewa amfani gaba ɗaya. Mai son ƴaƴan itace a tsakar gida ya nemi lemun tsami ko gwaiba ko mangwaro mai aure wurin masu rainon dashe na bakin kogi a Yantala, ya zuba toka a ramin saboda gara, ya kewaye shi da tubali ko ƙaya. Dashen da ba a katange ba abincin akuya ne.

Akwai wani itace kuma da babu gardama a kansa. Zabarmawa suna ce masa windi-bundu, wato itacen gida, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna matsayinsa. Hausawan Nijar suna ce masa tamakka ko zogale. Yamai tana cin zogale kamar ba gobe: a kopto, kwaɗon da ake yi da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, a dambu, a miya. Cikin azumi buhunsa kan yi tsada, domin kusan kowane gida yana son ganinsa a faifan buɗa-baki, kuma abin da garaken kewayen birni da na Maraɗi ke fitarwa ba ya isa, har sai an shigo da busasshe daga Najeriya. Matar da ke da gindi huɗu ko biyar a jikin katanga ta rage wa kanta cefane.

Shawarwarin da mata ke ba juna a kansa sun cancanci a rubuta su. Zogale ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. A dasa shi inda ruwa ke wucewa, ba inda yake kwanciya ba. Ƙwaya biyu a rami, cikin mako biyu ya tsiro. Babban kuskuren sabon shiga shi ne tausayi: ya bar shi ya yi ta tsawo har ya wuce katanga, siriri kamar gora, ganye can sama inda hannu ba ya kai, iskar farko ta karya shi. Masu sani suna datse kansa tun yana iya ƙugu, ya fito da rassa, a sake datse rassan, ya zama dunƙule mai ganye a daidai hannun yarinya. Idan za a shanya, a inuwa ake shanyawa, don rana tana ƙone launinsa da wani ɓangare na amfaninsa. Ƙwayarsa da aka daka tana kwantar da laka a ruwa mai gurɓata har ya yi garau, wannan masana sun tabbatar, amma garau ba shi ne tsarki daga ƙwayoyin cuta ba, sai an tafasa.

Wani ɓangare na zogalen da ke gidajen Yamai yau daga tashar bincike ya fito, ko masu shi ba su sani ba. A Sadore, kudu da birnin, cibiyar ICRISAT ta yaɗa wani iri ɗan Indiya mai suna PKM-1, mai saurin girma da yawan ganye. A can ne kuma Farfesa Dov Pasternak ya yi shekaru yana gwada ƙaramin lambu mai ban ruwa ɗigo-ɗigo daga tanki, da auren magaryar gida da ta Indiya, wanda ya haifar da ƴaƴa manya da ake kira tuffar Sahel. Iri ya fita daga tasha ya shiga garka, daga garka ya shiga ƙullin zanen wata baƙuwa, daga nan ya zagaye unguwa. Haka ilimin boko ke zama na gargajiya cikin shekara goma.

Lambun tsakar gida aikin sanyi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu salak da kabeji da karas da tumatir suna yi, har da albasar Galmi ga mai haƙuri. Da zafi ya shigo furen tumatir zubewa yake ba ya ɗaure ɗa, sai a koma kuɓewa da yakuwa da rama da alayyafo. Ƙasar unguwannin tudu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, maganinta taki. Kashin ragon layya da aka yi wata uku ana tarawa dukiya ne, in dai an bar shi ya ruɓe. Ɗanye yana ƙone saiwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk a gindin shuka suke ƙarewa, na'a-na'ar shayi ma a bakin wurin alwala ta fi yin kyau. Ruwan wanki mai omo kuwa gishirinsa yana taruwa a ƙasa, a hankali ya kashe ta.

A nan ne ya kamata a tsaya a faɗi gaskiya, domin ba kowace shawarar maƙwabci ce alheri ba. Idan tsutsa ta kama kabeji, ko kyankyaso ya cika ɗaki, ko kuɗin cizo ya hana barci, amsar da aka fi ji ita ce piya-piya. Ana sayar da shi a ƴan kwalabe marasa takarda, a kan teburi ɗaya da alawa da ashana. Abin da ke ciki guba ce mai suna dikulobos, mai kama jijiyoyin ƙwaro, kuma jijiyoyin mutum ma ba ta bari. Tarayyar Turai ta daɗe da janye amincewarta da shi. A Najeriya hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, mai sinadari iri ɗaya, a kasuwanni da kantuna a 2019. A Nijar, RECA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar zaurukan manoma, ta sha jan kunne a kan magungunan ƙwarin da ke yawo ba tare da izini ba. Duk da haka ana yayyafa shi a ɗakin da jariri zai kwana, ana fesa shi a ganyen da za a ci ɗanye jibi. Wannan ba dabara ba ce, ganganci ne da rai.

Ga shi kuwa maganin yana zube a ƙofar gida. Ƴaƴan bedin da yara ke takewa, idan aka tsince, aka wanke, aka shanya, aka daka kimanin rabin kilo aka jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, aka tace da ƙyalle aka ɗan sa sabulu, suna hana tsutsa ci da girma. Da yamma ake fesawa, don rana tana kashe ƙarfinsa, kuma sai an maimaita bayan mako. Ba ya kashewa nan take, shi ya sa masu gaggawa ke raina shi. Sauro kuwa, kafin a kai ga feshi, a zagaya gida a kife duk abin da ke riƙe ruwa: tsohuwar taya, gwangwani, kaskon kaji. Kwana goma sun ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo. Sauran aikin na gidan sauro ne.

Randa ba ta buƙatar mai kare ta. Matan Bubon, ƙauyen bakin kogi da kasuwarsa ke ci ranar Laraba a hanyar Tilaberi, suna gina ta, matan Yamai suna girka ta a inuwa bisa jiƙaƙƙen rairayi, inda iska ke ratsawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha a lokacin, gidaje da yawa masu firji sun koma neman randar da suka jingine a bayan ɗaki.

Akwai iyakar da shawarar tsakar gida ba ta wucewa, kuma ruwa ne ke shata ta. Yamai tana samun kimanin milimita 500 zuwa 600 a shekara, kusan duka cikin wata huɗu. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100 yana karɓar lita 50,000 a damina ɗaya, wato duro 250 na lita 200. Kaɗan ne ke tara ko da duro biyu. Sauran kowa ƙoƙarinsa ya fitar da shi waje: wannan ya ɗaga dokin ƙofa, wancan ya jera buhunan yashi, na gaba ya zuba baraguzan gini a layi. Kowace dabara daidai take ga mai ita, amma jimillarsu ita ce tura ruwa gidan wanda ya fi kowa rauni, galibi mai gidan laka a ƙarshen gangare. Magudanun da ke akwai leda ta toshe su, duk da dokar 2014 da ta hana shigowa da ita da sayar da ita. Haka batun rijiya da salga: masana tsabta suna son tazarar mita 30 a tsakaninsu, fili mai mita 20 a tsawo ba zai ba da wannan ba, balle salgar maƙwabci tana bayan katanga. Irin wannan ba ya gyaruwa sai mutanen layi sun zauna tare, da mai unguwa, da ma'aikatar magajin gari.

Sai kogin kansa. Isa tana cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar da ke tahowa daga tsaunukan Gini, wadda ke yin watanni a hanya ta iso cikin sanyi, a natse. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa daga wajen Burkina Faso, mai zuwa da fushi. A farkon Satumban 2020 ma'aunin kogin a Yamai ya kai kusan mita 7, alhali daga mita 6 da santimita 20 ake shelar babban haɗari. Madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda irin Karaje da Kirkisoye, ya ci Saga a ɗaya gaɓar, dubban iyalai suka koma makarantu da tantuna. An ga irinsa a 2010 da 2012, daminar 2024 kuma ta yi ɓarna a faɗin ƙasar baki ɗaya. Da yawa daga gidajen da suka rushe an gina su ne a fadamun da tsofaffin Zabarmawan wurin ke noman shinkafa, ko a bakin ƙoramu irin Gunti Yena da ke ratsa tsakiyar gari. Masu su ba wawaye ba ne. Filin ya yi araha, kuma a watan Maris aka nuna musu shi, lokacin da ko'ina busasshe ne ƙayau.

Saboda haka duk mai shirin sayen fili ko gida a Yamai ya riƙe kuɗinsa har watan Agusta. Ya je washegarin ruwa mai ƙarfi, ba tare da dillali ba, ya taka wurin da ƙafarsa, ya duba zanen laka a jikin katangun da ke kewaye. Sannan ya yi sallama a gidan da ya fi tsufa a layin, ya gaida uwargida, ya tambaye ta inda ruwa ya tsaya a Satumban 2020.